Jikan Buzun Tawa

Muryarta ta riga ta isa kasuwar Nima.

Barikisu ba ta gama sauka daga trotro ba, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a mota, sai ta ji kanta tana waƙa daga can wajen masu albasa. Ta daskare a ƙofa.

"Mma, sauka za ki yi ko haya kika kama a nan?" in ji kwandastan.

Ta sauka. Wata farar mota ce ɗauke da lasifika biyu a ka, an lulluɓe ta da hotunan ɗan takarar 'yan adawa, tana jan jiki cikin mutane kamar mai rakiyar gawa. Kalangu ya tashi daga cikinta, sannan muryar Barikisu ta hau kansa, tas, ba inda ta karce:

"Jalilu ɗan marigayi Osumanu,
Jikan Agali, Buzun Tawa mai farin raƙumi,
Ku kuka kawo gishiri Salaga, kuka koma da goro,
Jajaye masu dogon hanci, rana ba ta rina ku ba."

Aka kashe kaset ɗin a nan. Wani ƙato a gaban motar ya ɗauki makirufo, ya yi magana da Turanci, ya maimaita da Tiwi, ya ƙarasa da gurguwar Hausa.

"Kun ji da kunnenku. Ba mu muka faɗi ba, zabiyarsa ce ta faɗi. Alhaji Jalilu Buzu ne, ɗan Nijar ne. Baƙo za ku tura majalisar Ghana ya yi muku doka?"

Ya mayar da kaset baya, ya sake sakinta.

A bakin titi samarin Alhaji Jalilu, sanye da riguna masu hotonsa, sun riga sun kifar da teburin mai sayar da kaset. Suna fasa kwansunan da diddige, suna zare zaren kamar masu gyaran hanjin rago. Wata mai tumatir ta ɗaga kai, idonta ya faɗa kan Barikisu.

"Ga ta nan ma," in ji ta. Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma an ji.

Kafin samarin su waiwayo, wani hannu ya cafki mayafinta ya ja ta cikin lungu. Issaka ne, makaɗinta na shekara ashirin, yau ba kalangu a hammatarsa. Suka tsallake kwata, suka bi ta bayan makarantar allo, suka ratsa tsakar gidan wata mai wake da shinkafa ko sallama babu. Sai da suka ɓulla bayan masallacin 'yan Kotokoli ya sake ta.

"Tun yaushe suke wannan abu?" ta tambaya, tana haki.

"Tun da aka idar da asuba. Sun zaga Kotobabi, sun zaga Maamobi. Jarida ma ta buga. An ce lauyoyinsu sun kai ƙara a soke sunan Alhaji, ga zaɓe saura kwana tara."

"A kan me? Ƙarya na yi?"

Issaka ya share gumi da hularsa. "Anti, da ƙarya kika yi ai da sauƙi."

Wata biyu ke nan da yin waƙar. Ranar da Jalilu ya buɗe takararsa, shi da kansa ya zo har ɗakinta ya ce, "Yaya Bariki, ki wasa ni yadda Mma Husseina take wasa manya." Mma Husseina uwarta ce, zabiyar da duk Zongo ba a ɗaura aure sai ta zo. Kuma abu na farko da ta koya wa Barikisu shi ne: ba a wasa mutum shi kaɗai. Sai an hau ta kan ubansa, an taka kan kakansa, an kira garin da suka baro. Wanda aka yi wa waƙa ba a ambaci asalinsa ba, shege aka kira shi a gaban jama'a. Barikisu ta hau masa kakanni har bakwai. Jalilu ya miƙe a tsakiyar fili yana share ido da hannun babbar riga. Mutanensa ne suka ɗauki waƙar a kaset, su suka raba ta kyauta ga direbobin trotro da na manyan motocin albasa masu zuwa arewa.

Ba wanda ya ji wani abu a cikinta sai yabo. A Zongo waye kakansa bai zo daga wani wuri ba? Wannan Moshi, wancan Zabarma, wani Kano, wani Ilori. Abin da Barikisu ba ta sani ba shi ne, a ofishin jam'iyya da wajen 'yan jarida Jalilu yana da wani labarin dabam.

"Wai ubansa ɗan Osu ne, unguwar 'yan asalin Accra," in ji Issaka, yana kallon ƙasa. "Wai jar fatarsa ta wani Baturen bakin teku ce, kakan kakarsa. Haka yake a takardunsa."

Barikisu ta dube shi. "Jinin Bature ya sa shi ɗan ƙasa, jinin Buzu ya sa shi baƙo?"

"Haka suka ce."

"Baturen a Kumasi aka haife shi?"

Issaka bai yi dariya ba. "Ki tafi gidan ƙanwarki a unguwar Madina, Anti. Ki bari ƙura ta lafa."

"Kanda zan je, gidan Jalilu."

"Samarin nan..."

"Ni da Jalilu nono ɗaya muka sha. In akwai mai dukana, ya bari a gabansa."

Ba cika baki ta yi ba. Uwar Jalilu ta rasu yana ɗan kwana goma sha ɗaya, Mma Husseina ta ɗauke shi ta haɗa da Barikisu, wadda ta girme shi da wata biyu kacal. A shekarar sittin da tara, da gwamnati ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, motar katako ɗaya ta kwashe Osumanu mai gadi, uban Jalilu, da uban Barikisu, wanda Bakano ne. 'Yan sanda suka zo neman ɗan Buzun, yana ɗan shekara goma sha shida. Mma Husseina, haifaffiyar Salaga ta nan Ghana, ta tare ƙofa ta dafa ƙirjinta ta ce, "Wannan ya sha. Ɗana ne. In za ku tafi da shi ku fara da ni." Suka juya. Bayan wata uku Jalilu ya zo yana kuka da labarin ubansa ya rasu a hanya. Barikisu ce ta daka fura ta sadakar arba'in.

Gidan Alhaji Jalilu a Kanda cike yake da motoci. Mai gadi ya bar ta a tsaye cikin rana har inuwar katanga ta janye daga kanta, sannan aka ce ta shigo ta ƙaramar ƙofa.

An kafa rumfa a tsakar gida. Baƙi ne daga Amurka, baƙaƙen fata, su wajen goma sha biyu, an yafa musu zanen kente, an sa musu sunayen ranakun haihuwa. Jalilu na tsaye a gabansu cikin farar shadda, dogo, ja, hancin nan kamar an zana. Barikisu ba ta yi boko ba, amma wanda ya girma a Accra yana tsintar Turanci kamar yadda ake tsintar ƙaya a zane. Ta ji yana cewa baƙar fata duk uwa ɗaya ce, iyakokin nan Bature ne ya shata su, duk wanda ya taka ƙasar Ghana ya dawo gida. Aka tafa. Wata dattijuwa mai furfura a cikinsu tana kuka a hankali.

Ita dattijuwar ce ta hango Barikisu. Ta taso, ta kama hannayenta biyu, ta kira ta 'yar'uwa, ta juya tana tambayar Jalilu ko wace ce.

"Mai dafa mana abinci ce," ya ce da Turanci, yana murmushi. Da Hausa kuma, murmushin bai gushe ba, ya ce wa Barikisu, "Wuce gareji, ina zuwa."

Ta jira shi tsakanin kwalayen riguna da buhunan shinkafa. Da ya shigo ya rufe ƙofa, sai ya cire hula ya zauna kan kwali kamar wanda aka zare wa laka.

"Yaya Bariki, kin kashe ni."

"Mai dafa abinci ce ta kashe ka?"

"Bar wannan. Mutanen nan ba sa gane abubuwanmu."

"Me matar take yi wa kuka?"

"Asalinta take nema. Sun je kurkukun bayi na bakin teku jiya. Ba ta san ko sunan kaka ɗaya ba."

"To. Ita ta ƙetare teku tana neman guda, kai kana da bakwai kana neman juji."

Ya murza goshi. "Ba wasa nake ba. Shekara nawa muna cewa Zongo ba ta da nata a majalisa? Kwatar nan ta Nima, yara nawa ta ci? Ina gab da ƙofa, Yaya. Da la'asar akwai taro a filin Maamobi, 'yan jarida za su zo, baƙin nan ma za su zo. Ki hau ki yi wata sabuwa. Ki ce waccan kuskure ce, kin haɗa ni da wani Jalilun. Ki kira Osu."

"In kira wa a Osu? Faɗa mini sunansa."

Ya juya hular a hannunsa. Ta ci gaba.

"Baba Osumanu ne ya goya ni ranar da kunama ta harbe ni, daga Nima har asibiti a ƙasa. In hau fili in ce ban san shi ba? Yana kabari, Jalilu."

Wani abu ya wuce a fuskarsa, ya ɓace. Ya kau da kai.

"Ba zan kira ƙarya ba," in ji ta. "Ranar da zabiya ta sayar da asali ɗaya, duk wanda ta taɓa kira ya zama na shakka. Amma ga abin da zan iya. Zan hau in wasa ka kai kaɗai. Ba uba, ba kaka. In yi kwatar, in yi makarantar da ka gina, in ce ɗan Nima ne, a Nima aka yanke masa cibi, don wannan gaskiya ce. Ka san abin da hakan yake nufi a wajenmu. In ka yarda a yi maka shi, zan yi."

Jalilu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙe, ya mayar da hularsa, ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa yadda yake yi tun suna yara in ya yi laifi.

"Ki zo kawai. Allah Ya bar zumunci, Yaya."

Ta fito da sanyi a rai. A cikin trotro tana ta ɗinka baitoci a zuci, tana warwarewa. Waƙa ba kakanni kamar ɗaki ne ba ginshiƙi, ba ta san inda za ta jingina murya ba. Ta biya gidan Issaka don su gwada, matarsa ta ce ya fita tun ɗazu da kalangu.

"Wa ya kira shi?"

"Ni dai mota na ga ta zo."

Filin Maamobi ya cika har kan katangu. Barikisu ta sa leshinta ruwan goro, ta yafa mayafin Mma Husseina, tsohon saƙi mai ja da baƙi da ba ta fitar da shi sai babbar rana. Mata suka buɗa mata hanya, wasu suna gaishe ta, wasu suna kallon wani wuri. Wani mai rigar jam'iyya ya kama hannunta ya hau da ita kan dandamali, ya tsayar da ita a tsakiya inda kowa zai gani. Baƙin Amurka suna jere a kujerun gaba. Dattijuwar ta ɗaga mata hannu.

Ga Issaka can a gefe, kalangu a hammata, kusa da wasu masu jita da kakaki da ba ta taɓa gani ba. Ta yi masa alama da ido ya matso. Ya sunkuya yana gyaran tsarkiya.

Jalilu ya karɓi makirufo. Ya yi sallama, ya jira aka yi tsit.

"Jama'ar Nima, jama'ar Maamobi. Kun ji abin da ake yawo da shi a mota tun safe. Ga mai muryar nan na kawo muku. Ku dube ta da kyau."

Barikisu ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, baitin farko yana kan harshenta.

"Maroƙiya ce," in ji Jalilu. "Kun san maroƙa. Wanda ya cika musu hannu shi suke yi wa baki. 'Yan adawa sun zauna da ita, sun shirya mata abin da za ta faɗa, ta zo ta zuba shi a taronmu muna tafi ba mu sani ba."

Fili ya ɗauki guna-guni.

"Kuma ku tambaya me ya sa. Ubanta yana cikin waɗanda aka kora a sittin da tara. Ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ɗacin abin ne ke cinta har yau, tana so kowa ya zama baƙo kamarta. Ni ban haɗa komai da ita ba sai unguwa."

Ya sake faɗa da Tiwi. Ya sake faɗa da Turanci, a hankali, yana fuskantar 'yan jarida.

Barikisu ta juyo gare shi. Ta dubi bakinsa yana motsi, bakin da ta sha goge wa koko da gefen zanenta. Mota ɗaya ce, Jalilu, in ji zuciyarta. Mota ɗaya ta kwashe su, kai ka riƙe mini hannu muna binta da gudu har titin Kanda. Ta miƙa hannu ga makirufo na biyu da ke kan sanda. Ta hura. An cire masa waya.

Sai kalangu ya tashi.

Ta san kiɗan kafin ya kai bugu uku. Taken Mma Husseina ne, wanda ba a kaɗa wa kowa sai ita, bayan ta rasu sai Barikisu. Jita ta hau kansa, kakaki ya bi, wani saurayi mai tabarau ya fito yana rangaji, ya ɗora waƙa rabi yaren Ga na mutanen Osu rabi Hausa, da karin uwarta ba ko canji: Jalilu ɗan Osu, jikan masu jirgin ruwa, fari kamar kumfar teku. Samari suka ɗauka. Mata suka fara taka rawa, har waɗanda ta yi wa waƙar aurensu. Baƙin Amurka suka miƙe suna tafi, ba su san me ake cewa ba, kiɗa ne ya yi musu daɗi.

Wata leda mai ruwa ta fashe a kafaɗarta. Wani ɓawon lemo ya biyo. Wani daga ƙasa ya ce, "Koma Kano." Muryar ɗan maƙwabciyarta ce, wanda kakansa ya zo daga Wagadugu a ƙafa.

Tana da murya. Ko ba lasifika, muryar da ta cika filin nan shekara ashirin za ta kai katanga. Tana iya faɗin ranar da 'yan sanda suka zo, da abin da Mma Husseina ta dafa, da wanda ya ɓuya a bayan tulu yana fitsari a wando. Akwai tsofaffi a filin da suka gani da idonsu. Ta neme su. Ga Alhaji Fuseini mai nama, ga Mma Mariatu mai koko. Kowannensu ya sami abin kallo a tafin hannunsa.

Ta sauka daga dandamalin da kanta. Da za ta wuce ta gaban Issaka ta tsaya. Hannunsa bai daina kiɗa ba.

"Anti," ya ce ƙasa-ƙasa, "ganga mai biki take bi. Ina da 'ya'ya shida, kuma takarduna kin san yadda suke."

"Ka sassauta hagu," in ji ta. "Kana gudu. Mma ba ta son a yi mata gudu."

Ta bi ta cikin mutane, ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya raka ta.

Gidansu ba kowa, duk an tafi taro. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta cire mayafin ta shimfiɗa a cinya tana tsane ruwan da ya jiƙa shi. Kiɗan yana zuwa har nan, yana tsallako babbar kwata, iska na kawo shi tana mayarwa. Ta jira kuka, bai zo ba. Ta tashi ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ninke mayafin gida huɗu ta sa a can ƙasa, ta ɗora tsofaffin zannuwa a kai. Gobe za ta tafi Madina. Ƙanwarta tana tuyar ƙosai, hannu biyu ba sa yi mata yawa. Wanda yake son asali daga yau ya je Osu ya saya.

Tana neman makullin akwatin aka yi sallama.

Sallamar ce ta fara tsayar da ita. Hausa ce cikakkiya, mai nauyi, irin wadda ba a ji a Nima sai a bakin fataken arewa. Ta leƙo.

Wani saurayi ne a tsakar gida, bai fi shekara ashirin da biyar ba, da shuɗin rawani da ya koɗe da jaka a kafaɗa. Warin albasa ya riga shi isowa. Ya sassauta rawanin daga bakinsa don ya yi magana, Barikisu ta dafa ƙyaure. Dogo, ja, hancin nan kamar an zana. Jalilu ne na shekarun da yake zuwa cin tuwo a ɗakin nan.

"Ina neman Barikisu zabiya, ɗiyar Husseina."

"Ka same ta."

Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya. Sannan ya zuge jaka ya fito da kaset, takardar jikinta ta yi baƙi da hannu.

"Daga Tawa muke, Inna. Kwana huɗu a motar albasa. Wani direba ne ya sa wannan a tasha, ana shan shayi, sai muka ji sunayen gidanmu har bakwai, ba wanda aka tsallake. Sunana Agali. Sunan kakanmu aka mayar mini."

"Kai ɗan wa ne?"

"Ɗan Usmanu. Ku nan Osumanu kuke cewa."

"Osumanu ya rasu a hanya," in ji ta. "Shekara ashirin da bakwai ke nan. Ni na daka furar arba'in ɗinsa."

Saurayin ya dube ta da mamaki, sannan da wani abu kamar tausayi.

"Abin da ya taso mu ke nan. Ya ji kin kira shi marigayi. Sau uku ya sa aka mayar masa da wurin. Wasiƙa tara ya aiko wa yayana Jalilu tun kafin a haife ni, ta hannun fatake, kuma duk sun ce hannu da hannu suka ba shi. Ko ɗaya ba amsa. Tsohon ya ce a kawo shi ya ga wanda ya binne shi."

Barikisu ta zauna a kan dokin ƙofa. Ta tuna garejin Kanda, da abin da ya wuce a fuskar Jalilu da ta ce yana kabari.

"Yana ina?"

"Yana tashar albasa, a inuwar mota. Ƙafa ba ta ɗaukarsa sosai, amma ido da baki lafiya lau. Ya ce in tambaye ki ko tabon kunamar yana nan." Ya gyara jakarsa. "Mun tambayi gidan Jalilu, aka ce yana wajen taro. In ba dama yau, sai mu kwana a tasha, gobe ki yi mana jagora."

Iska ta sake kawo kiɗan. Issaka ya sassauta hagu, yanzu taken yana tafiya daidai yadda Mma Husseina take so. Rana ba ta kai ga faɗuwa ba. 'Yan siyasa ba sa tashi sai an kira magariba, 'yan jarida kuma ba sa tafiya sai 'yan siyasa sun tashi.

Ta shiga ɗaki. Ta ɗaga tsofaffin zannuwan, ta zaro mayafin daga ƙasan akwati, ta warware shi. Bai gama bushewa ba. Ta yafa shi a haka.

"Agali," ta ce, tana neman takalminta da ƙafa, "kana iya goya tsoho?"

"Daga Tawa nake goyonsa, Inna."

"To tashi. Ba nisa."